Shamuwa da ruwan farko: ina tawakkalin manomi yake?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a ƙasar Maraɗi da Damagaram, shamuwa takan iso daga kudancin Afirka. Sai ta zaɓi tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ta yi ta jidar ƙirare tana gina sheƙa, alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa ƙasa ba. Manomin da ya gan ta ya san damana ta gabato. Sai ya yi sassabe, ya kai taki, ya duba irin da ya rage a rumbu.

A nan jarrabawar mai ƙaramar gona take farawa. Ruwan farko ya sauka, irin hatsinsa kuwa bai wuce ƴan tiyoyi ba. In ya shibka, ruwa na iya ɗaukewa mako uku tsiro ya ƙone, ko iskar hadari ta binne shi da rairayi. In ya jira, damanar da ke ƙarewa wajen Satumba na iya tafiya kafin hatsi ya nuna. Wani maƙwabci ya ce shibka ita ce tawakkali, wani ya ce jira shi ne haƙuri. Wane ne ya dace?

Malaman tasawwufi sun ce tawakkali aikin zuciya ne. Mutum biyu na iya fita da sungumi a safiya guda: ɗaya ya dogara ga gajimaren da ya hango gabas, ɗaya ga Mai kora gajimaren. Ramukansu iri ɗaya ne, bambancin kan fito ranar da tsiron ya bushe. Na farko ya shiga zargin shekara da zargin kansa. Na biyu ya yi istirja'i, ya nemi rancen iri ba tare da jin ƙasƙanci ba, ya sāke shibka.

A hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, Annabi (SAW) ya buga misalin tawakkali na gaskiya da tsuntsaye, waɗanda ke sammako da yunwa su dawo da ƙoshi. Malamai sun lura cewa tsuntsun fita yake yi, ba ya kwana a reshe yana jiran ƙwaya. Haka shamuwa: tana gina sheƙa tun fāra da tsutsar da za ta ciyar da ƴaƴanta ba su fito ba. Saboda haka manomin da ya tona ƙasa ya ga zurfin laima, ya shawarci dattawa, ya shibka rabin iri ya ajiye rabi, bai fita daga tawakkali ba. Sababi ya riƙa, kamar yadda shari'a ta umarta.

Sai dai shamuwa alama ce kawai. An sha ganin sheƙa a kan itace shekara ta zo da fari. Wanda ya jingina ruwa ga tsuntsu ko tauraro ya ba halitta abin da yake na Mahalicci.

Muridi ma yana da tasa bazara. Akwai lokacin da wuridi ba ya yi masa daɗi, zuciya ta ƙeƙashe, ya zauna halƙar zikiri bai ji kome ba. Akwai kuma lokacin da mafarki mai kyau ko hawaye a majalisi kan sa ya zaci fatahi ya iso. Na farkon ba dalilin barin wuridi ba ne, na biyun kuma ba alkawari ba ne. Nasa shi ne lazimtar abin da shehinsa ya ɗora masa safe da yamma. Lokacin saukar falala na Allah ne.

Allah Ya ba manoma damana mai albarka, Ya tsare iri da tsiro, Ya shayar da zukatan bayinSa. Amin.