Likitan Masunta



Ka taɓa ɗaukar marar lafiya bisa amalanke da tsakar dare, kuna neman gidan likita, hanya kuwa ta ƙi ƙarewa? In ka taɓa, ka san darajar mutum guda wanda ya iya aikin magani, ya kuma yarda ya zauna kusa da talakawa. Ina so in ba ka labarin wani irin wannan mutum. Ƙasarsa tana da nisa da tamu, amma abin da Allah ya koya masa ya shafi gidanka da nawa.

ƘASAR ƘANƘARA

Can arewa maso gabashin ƙasar Kanada akwai wani bakin teku da ake ce da shi Labarado. A zamanin da nake ba ka labari yankin yana hannun Ingila, sai a 1949 ya shiga Kanada. Duwatsu ne da sanyi, hatsi ba ya yi. Mutanen wurin masunta ne, kifi shi ne gonarsu. Ƙauyukansu ƙanana ne, a warwatse cikin lungunan gaɓa, a wancan zamani kuwa babu hanyar ƙasa tsakaninsu. Ka san ƙanƙarar da takan faɗo da ruwan sama, ta narke nan da nan. A can, sanyi yakan sa fuskar teku kanta ta daskare ta zama ƙanƙara, har mutum ya taka ya wuce. Wajen rabin shekara jirgin ruwa ba ya zuwa. A wancan zamani mai tafiya sai ya hau wani katako marar ƙafa, karnuka su ja shi bisa ƙanƙara.

YADDA ALLAH YA KIRA SHI

An haifi Wilfired Garenfel a Ingila a 1865. Yana ɗalibin likita a birnin Landan, wata rana da dare ya shiga wani taron wa'azi na mai bishara D. L. Mudi. Wani mutum ya tashi yin addu'a, ya yi ta jan ta ba iyaka, har saurayin ya gaji ya yi niyyar fita. Sai Mudi ya ce wa jama'a su raira waƙa kafin ɗan'uwan ya gama addu'arsa. Wannan ya sa Garenfel ya koma ya zauna, ya ji wa'azin har ƙarshe. Daga nan ya fara tambayar kansa abin da Almasihu zai yi in da shi ne likita.

Da ya gama karatu, ya shiga aikin wata mishan mai hidima ga masunta a teku. A 1892 suka aike shi Labarado cikin jirgin ruwa. Farkon isarsa aka kira shi wata bukka mai duhu, inda ya tarar da maigida kwance yana tari, 'ya'yansa shida suna kallo, abinci kuwa babu. Bai iya yi masa abu mai yawa ba, gama an makara. A wannan zuwa na farko ya duba marasa lafiya wajen 900. Ya koma Ingila ya ba da labari, a 1893 kuma ya komo da waɗansu likitoci da mata biyu masu jinya, aka buɗe asibiti na farko a wani tsibiri mai suna Batil Habo.

CIWO DA TUSHENSA

Tarin fuka ya yi yawa a wurin, domin iyali duka suna kwana a ɗaki guda a rufe saboda sanyi. Akwai ciwon da ke sa dasashi ya yi jini, haƙora su yi ta motsi, saboda rashin ganye da 'ya'yan itace. Akwai wanda ke kashe ƙafafu, saboda mutane sun daɗe ba su cin kome sai farin gari da shayi. Garenfel ya gane allura ba ta maganin yunwa.

Ya kuma ga abin da ke kawo yunwar. Masunci yakan karɓi gari da gishiri da kayan su bashi daga wurin ɗan kasuwa. In kifi ya samu, ɗan kasuwan nan ne zai saye, shi ne kuma zai yanka farashi. Masuncin ba ya ganin kuɗi a hannunsa, bashin bana yakan tarar da na bara. Kai manomi, ba sai na bayyana maka wannan ba. Ka san wanda ya ci bashin hatsi da damina, kaka ta yi, ya ga an kwashe damman tun ba su shiga rumbu ba. Saboda haka a 1896 Garenfel ya taimaki masuntan wani ƙauye mai suna Red Be suka haɗa kuɗinsu suka buɗe kanti nasu na kansu. Waɗansu 'yan kasuwa suka ji haushinsa ƙwarai. Daga baya aka buɗe gidan marayu da makarantu, aka koya wa mutane noman lambu.

Yakubu 2:14-17 ya yi mana kashedi a kan mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai. Karanta wurin tare da iyalinka.

DARE GUDA BISA ƘANƘARA

A kwanakin Ista na 1908, Garenfel yana asibitin Sant Antoni, sai ga manzanni daga wani ƙauye mai nisan kusan kilomita 100. Wani yaro da ya yi wa aiki a ƙafa, ciwon ya rikice. Likita ya ɗaura karnukansa ya kama hanya. Don sauri ya bar abokan tafiyarsa a baya, ya yanke ta bisa teku maimakon ya zaga ta gaɓa, ga shi kuwa lokacin narkewar ƙanƙara ya yi. Yana tsakiya iska ta juya, ƙanƙarar ta farfashe, shi da karnuka suka nutsa cikin ruwan sanyi. Da ƙyar suka hau wani guntun ƙanƙara, iska kuwa tana tura shi zuwa cikin teku.

Tufafinsa masu kauri sun tafi da kayansa. Don kada sanyi ya kashe shi, ya yanka uku cikin karnukansa, ya rufa da fatunsu, ya kwana manne da sauran. Da gari ya waye ya ɗaure ƙasusuwan ƙafafunsu ya yi sanda, ya rataya rigarsa, ya yi ta kaɗawa. Ashe tun da yamma waɗansu masunta sun hango shi daga tudu. Da safe mutum biyar suka shiga kwalekwale, suka ratsa tsakanin ƙanƙarar da ke iya murƙushe su, suka ɗauko shi. Yaron kuma aka kawo shi asibiti cikin jirgi bayan 'yan kwanaki, aka yi masa aiki, ya warke.

Ka lura da wannan, ɗan'uwa. Wanda ya fita ceton wani, shi aka ceta. Iliminsa bai iya kai shi gaɓa ba. Haka yake ga kowane ɗan Adam a gaban Allah. Zunubi ya raba mu da gaɓa, muna bisa abin da ke narkewa ƙarƙashin ƙafafunmu, ayyukanmu masu kyau kuma ba su da ikon komo da mu. Yesu Almasihu ne ya zo inda muke. Masuntan nan biyar sun sa ransu cikin hatsari, suka komo gida lafiya. Shi kuwa Yesu ya ba da ransa ɗungum bisa gicciye, ya tashi a rana ta uku. Duba Romawa 5:6-8. In ba ka taɓa kiransa ba, kira shi yau. Ya riga ya hango ka.

WAƊANDA BA A SAN SUNANSU BA

Garenfel ya yi suna. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma a 1927, ya rasu a 1940. Amma shekaru da yawa yana yawon neman kuɗin aikin a Amurka da Ingila, waɗansu ne suke zaune da marasa lafiya. Akwai mata masu jinya da aka ajiye a ƙananan gidajen likita na bakin teku. Mace guda takan yi dukan lokacin sanyi ba likita kusa. Ita ce ungozoma, ita ce mai cire haƙori, ita ce mai ɗinke rauni, ita ce kuma mai zama da wanda ke bakin mutuwa. Yawancinsu duniya ta manta da su. Matiyu 25:31-46 ya nuna mana Ubangiji bai manta ba, gama yana lissafta ziyarar marar lafiya kamar shi kansa aka ziyarta.

SAURAN MAGANA TAMU CE

Bari in faɗi laifina. 'Yar ƙanena ta gama karatun jinya, aka tura ta wani ƙauye mai nisa, babu lantarki, ruwa sai na rijiya mai zurfi. Ni da nake dattijon ikilisiya, ni na fara neman wanda zai sa baki a maishe ta birni. Sai ta ce mini, "Baba, matan can ba su haihuwa ne?" Na rasa amsa. Ni da na sha ɗaukar marasa lafiya bisa amalanke ina gunaguni don babu likita kusa, ga shi ina so in hana wa waɗansu abin da na roƙa wa kaina. Na roƙi gafarar Allah, na sa mata albarka, ta tafi.

Iyaye, kun sha wahala kafin yaro ya gama karatu, kuna kuma sa rai ya taimake ku. Wannan ba laifi ba ne. Amma tun yana jariri kuka miƙa shi ga Ubangiji a gaban jama'a. In Ubangiji ya aike shi inda babu kowa, kada ku karɓe abin da kuka bayar.

Kai saurayi, ke budurwa, masu koyon aikin magani, ku tuna Yesu ya fara kiran almajiransa a bakin tekun Galili, cikin masunta (Markus 1:16-20). Kada ku rena ƙauye. Kada ku sayar da maganin da aka ba ku amana. Kada kuma ku yi gaggawa irin ta Garenfel, ku ƙi jin shawarar mutanen gari, gama sun fi ku sanin ƙasarsu.

Ku kuma da Allah ya kawo wa mai jinya garinku, baƙo ne, ya bar uwa da uba. Ku gaishe shi, ku aika masa da tuwo, ku kawo marar lafiya da wuri tun ciwo bai ci ƙarfinsa ba. In wani ya rasu a hannunsa bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kada ku ɗora masa laifi. Shi ma yakan gaji, yakan yi kewar gida, yana bukatar masu shiga kwalekwale dominsa.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Yesu wanda ya zo ya cece mu sa'ad da ba mu da mataimaki. Ka ƙarfafa masu aikin jinya da ke zaune a wurare masu nisa. Ka ba mu zuciyar sakin 'ya'yanmu su tafi inda ka aike su, da zuciyar karɓar waɗanda ka aiko mana. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.