Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Batsa da Zubar da Jini a Wasannin Bidiyo

A watan Yuni na shekarar 2005 wani gwanin kwamfuta, mutumin ƙasar Holan, ya tono wani ɓoyayyen sashe a cikin faifan wasan bidiyon nan mai suna Grand Theft Auto: San Andreas, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a watan Oktoba na 2004. Masu ƙera wasan ne suka gina sashen da hannunsu, daga baya suka toshe ƙofarsa, amma ba su kankare shi daga faifan ba. Abin da ke ciki kuwa shi ne jarumin wasan da budurwarsa suna saduwa, a cikin wani zane mai kama da 'yan tsana. Kafin a ce kwabo Amurka ta ɗauka. Hillary Clinton, wadda a lokacin sanata ce, ta nemi hukumar kula da ciniki ta tarayya ta yi bincike, Majalisar Wakilai kuma ta goyi bayan binciken da ƙuri'a 355, masu hamayya 21 kacal. Manyan kantuna suka kwashe faifan daga kan kantocinsu, kuma a shekarar 2009 uwar kamfanin, watau Take-Two, ta amince a biya masu hannun jarin da suka kai ta ƙara kimanin dala miliyan 20.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tsohon labari shi ne abin da ke cikin wasan tun kafin a tono wancan sashe. Mai wasa yana riƙe ne da wani saurayi ɗan daba, yana yawo da shi a garuruwan da aka kwaikwayo daga na Amurka. Yana da damar fizgo direba daga motarsa ya tsere da ita, ya bi ta kan masu tafiya a gefen titi, ya harbe ɗan sanda, ya sassare mutum da zarto mai inji. Duk wannan an sani, an kuma yi ta ƙorafi a kai, amma faifan ya yi wata takwas a kantuna ana cinikinsa lami lafiya, yana ɗauke da harafin M, ma'ana ya dace da ɗan shekara 17 zuwa sama. Da aka ga wancan sashe sai aka canza masa tambari zuwa AO, watau na manya zalla, 'yan shekara 18 zuwa sama. A takarda shekara ɗaya ce tak tsakanin haruffan nan. A kasuwa kuwa tsakaninsu rai ne da mutuwa, domin manyan kantuna ba su sayar da wasa mai AO, kamfanonin Sony da Nintendo da Microsoft kuma ba su yarda a buga shi a kan na'urorinsu. Idan aka duba ɗan ƙaramin jerin wasannin da suka taɓa samun wannan tambari, za a tarar mafi yawansu batsa ce ta jawo musu, ƙalilan ne jini ya kai su can.

Hukumar da ke liƙa waɗannan haruffa, ESRB, an kafa ta a shekarar 1994, kuma abin mamaki jini ne ya haife ta. A watan Disamba na 1993 sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira zaman jin bahasi a Majalisar Dattawa saboda wasanni irin su Mortal Kombat, inda wanda ya yi nasara kan iya tumɓuke kan abokin karawarsa tare da ƙashin bayansa. Kamfanoni suka ga idan ba su tace kansu ba gwamnati za ta tace su, sai suka kafa tasu hukumar. Ga shi kuwa hukumar da aka kafa don tsoron jini ta fi kaifin haƙori a kan tsiraici.

Maganar ta kai har Kotun Ƙoli. A shekarar 2005 jihar Kalifoniya ta yi dokar hana sayar wa yara wasanni masu mugun tashin hankali, da tarar dala 1,000 ga wanda ya karya. Gwamnan da ya sa wa dokar hannu, Arnold Schwarzenegger, shi ne dai ɗan wasan da ya yi suna da karkashe mutane a fina-finai, abin da ya ishi mai son dariya. A shekarar 2011 kotun ta soke dokar, alƙalai 7 suka rinjayi 2, bisa hujjar cewa wasan bidiyo magana ce kamar littafi da fim, kuma ƙasar ba ta da al'adar hana yara labaran zubar da jini, tun da tatsuniyoyin da ake karanta musu ma cike suke da su. Sai dai ita wannan kotu ce a shekarar 1968 ta yarda jiha ta hana sayar wa yaro mujallar hotunan tsiraici. Ɗaya daga cikin alƙalai biyun da aka rinjaya, Stephen Breyer, ya yi tambayar da har yau ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba: wane hankali ne zai hana ɗan shekara 13 sayen hoton mace tsirara, sa'an nan ya tsare masa 'yancin sayen wasan da a cikinsa shi da kansa zai ɗaure macen, ya azabtar da ita, ya kashe?

Da sauƙi mutum ya ce wannan munafunci ne ya wuce. Mu ba mu ga haka ba, domin masu wannan matsayi suna da hujja mai nauyi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Sun ce wanda aka kashe a cikin wasa bai mutu ba, babu gawa, babu makoki, babu maraya. Amma sha'awar da hoton batsa ya motsa a jikin yaro sha'awa ce ta gaske, ba ta zane ba. Watau hoton kisa ba kisa ba ne, alhali kallon tsiraici shi ne ainihin abin da ake gudu. Sun ƙara da cewa kowane yaro zai balaga ya yi kokawa da zuciyarsa, amma 'yan kaɗan ne za su taɓa riƙe bindiga. Masu bincike ma sun ba su wani ɗan ƙarfi. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta faɗa a shekarar 2020 cewa babu isasshiyar shaida da ke nuna wasannin nan su ne ke sa mutum aikata ta'asa, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da zafin kai irin na tsawa da ture-ture. Haka kuma laifuffukan zubar da jini na matasa a Amurka sun yi ta raguwa daga tsakiyar shekarun 1990, daidai lokacin da wasannin suke shiga kowane gida. Duk wanda ya ce gem, kamar yadda yaranmu ke kiransa, yana mai da yaro makashi, to ya faɗi abin da ba zai iya kawo shaidarsa ba.

To, amma a nan ne muke ganin an sauya mudu a tsakiyar awo. Lokacin da aka kwashe wancan faifai daga kantuna, ba wanda ya tsaya neman shaidar cewa ya sa wani yaro ya yi lalata. Ba a jira rahoton masana ba, ba a ƙidaya cikin shege ba. An ce abin mummuna ne a kan kansa, bai dace da idon yaro ba, shi ke nan magana ta ƙare. Da aka zo kan kisa kuwa sai aka ce a kawo gawa tukuna. Batsa ana hukunta ta da abin da take, zubar da jini ana hukunta shi da abin da ya haifar. Wanda ya zo kasuwa da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, ko da kowane mudun yana da hujjarsa, mun san sunan da ake kiransa.

Kuma idan an yarda sha'awar da hoto ya motsa ta gaske ce, dole a yarda daɗin da yaro ke ji sa'ad da ya fasa kan mutum a allo shi ma daɗi ne na gaske. Mutumin ne na ƙarya, daɗin ba na ƙarya ba ne. A nan wasa ya bambanta da littafi. Mai karatu shaida ne, yana tsaye a gefe, yana iya jin tausayi ko ƙyama. Mai wasa shi ne mai aikin, yatsansa ne ya danna, kuma nan take za a saka masa da maki ko kuɗi ko sabon makami, ya maimaita sau ɗari kafin magariba. Ba mu cewa gobe zai ɗauki adda. Tambayarmu ita ce, me ya koya wa zuciyarsa ta ji daɗinsa? Malamin da ya daɗe a aji ya san ba abin da ake faɗa wa yaro ne ke zama a kansa ba, abin da yake maimaitawa ana tafa masa shi ne ke zama.

Me ya sa mudun ya zama biyu? A ganinmu kunya ce, kuma wannan bai tsaya ga Amurkawa ba. Wasannin nan sun daɗe da isowa shagunan gem na garuruwanmu da wayoyin 'ya'yanmu. Uba zai shigo falo ya tarar ɗansa yana ta ɓarin wuta a allo, jini na tsartuwa, iyakar abin da zai ce shi ne a rage ƙara. Da a ce sumba ya gani, ran nan na'urar za ta kwana a kulle. Abin da ya motsa uban shi ne ba zai iya zama kusa da ɗansa su kalli wancan tare ba, amma yana iya zama su kalli wannan. Kunya mai gadi ce ta ƙwarai, ba mu raina ta ba, kuma ba mu neman a sallame ta. Illarta ƙofa ɗaya kawai take tsaro. Tana auna abin da zai sa babba ya sunkuyar da kai, ba ta auna abin da ke daskarar da zuciyar yaro. Shi kuwa kisa yana da rigar ado da yake shigowa da ita, sunanta jarumta, kuma ba mai tare jarumi a ƙofa.

Abin da ke nuna wannan zaɓi ne na al'umma, ba dokar halitta ba, shi ne Jamus. Can mudun juye yake. Ba su cika ta da jijiyar wuya a kan tsiraici ba, amma jini ne ba su so, kuma duk wanda ya san tarihinsu na ƙarni na 20 ba sai an gaya masa dalili ba. Wasan Doom ya zauna a jerin abubuwan da aka hana tallata su ko sayar wa yara tun daga 1994 har zuwa 2011. A bugun Jamus na wasan Half-Life sai da aka cire sojoji 'yan'adam aka sa mutum-mutumin ƙarfe a madadinsu. Kowace al'umma, ashe, abin da ya taɓa ƙona ta take tsoro.

Mu marubuta ba baƙi ba ne a wannan muhawara. Mun ga zazzafar taƙaddamar da aka yi a shekarun 1990 kan littattafan soyayya, mun ga kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a Kano a 2001, mun ga an ƙona littattafai a bainar jama'a a 2007 bisa zargin ɓata tarbiyya. A duk tsawon wannan lokaci littattafan yaƙi, waɗanda jarumi ke sare kawuna dubu kafin ya sha ruwa, ba su sha irin wannan tuhuma ba. Ba muna cewa a ƙona su ba ne, Allah ya kiyaye. Labarin yaƙi ya girmi takarda, kuma Ganɗoki na Bello Kagara ya shekara fiye da tamanin a hannun ɗalibai bai mai da kowa ɗan ta'adda ba. Akwai kisan da idan an rubuta shi mai karatu zai ajiye littafin ya yi shiru, domin wanda aka kashe yana da suna, yana da uwa, kuma mutuwarsa ta ci wa wanda ya kashe shi wani abu. Akwai kuma kisan da mamacin ciyawa ce kawai a gaban lauje. Mudun kunya ba ya iya raba waɗannan biyu, domin duka ba su sa kowa sunkuyar da kai. Harafin M ma bai iya ba, yawan jini da munin rauni yake dubawa, ba ya tambayar ko jinin na wani ne.

Bayan rigimar 2005 kamfanin Rockstar ya kankare wancan sashe, ya sake buga faifan, hukuma ta mayar masa da harafin M, kantuna suka sake jera shi. Akwai wani abu da aka bari a ciki, wanda yake nan tun a wasan da suka fitar a 2001. Mai wasa yana iya tsayar da mota kusa da karuwa, ta shiga, ya kai ta wani lungu. Ba a nuna kome, motar ce kawai ke girgiza, kuɗinsa na raguwa, ƙarfin jikinsa na ƙaruwa. Idan ta fito yana iya bin ta da kulki ya kashe, kuɗi su zube a ƙasa, ya kwashe. Wannan ɓangaren ana nuna shi ƙarara, domin tana sanye da tufafinta.