Karatun Gida da Haƙƙin Fita

A ƙasar Falgore, daga Bebeji da Ƙiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, akwai gidaje da yawa da yaro ke fara karatu tun bai san hanyar bakin titi ba. Galibi gidan malami ne mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha wani abu. Zaure shi ne aji, maigida shi ke biya karatu, uwargida ke sauraron bita tana tuƙa tuwo, babban ɗa kuma shi ke rubuta wa ƙannensa allo. Tun bayan rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda korona, wasu iyayen ma da ba malamai ba sun ɗanɗana wannan tsari, har suka riƙa ɗauko malamin boko yana zuwa gida da yamma.

Ba na shakkar cewa gida yana iya koyarwa. Tambayata ita ce: uban da ya ɗauki nauyin karantar da 'ya'yansa a cikin gidansa, shin yana da ikon ya zama shi kaɗai ne tagar da za su leƙa duniya ta cikinta? Ni dai a ganina ba shi da wannan iko. Ranar da ya ce shi zai koyar da su, a ranar ya ci bashin fitar da su, kuma bashi ne da ake biya da ƙafa.

Bari mu fara da ba wa irin wannan gida haƙƙinsa. Ana tashi da asuba, a yi salla, kowa ya jawo allonsa. Mai babbaƙu yana gefe, mai farfaru yana gefe, wanda ya kai izu biyar yana jingine da bango yana tilawa. Da hantsi a sha koko, 'yan mata su yi shara da wanke-wanke, maza su ɗebo ruwa su ba awaki dusa. Bayan azahar a koma, da dare kuma a sake zama a gaban fitila. Ƙaramin da ake goye da shi yana jin karatun yayyensa tun kafin ya iya magana, shi ya sa ranar da aka fara ɗora masa sai a ga kamar ya taɓa yi. A nan yaro ba ya ɓacewa cikin taro. Uwa ta san wanda harafi kaza ke ba wuya, ta san wanda ke kuka idan an gyara masa a gaban mutane. Ajin da ya cika maƙil, malami ɗaya a gaban yara ba iyaka, ba zai taɓa ba da wannan ba.

To amma duk muryoyin da ke cikin gidan nan daga tushe ɗaya suke. Abin da uba ya sani, 'ya'ya za su sani. Abin da bai sani ba, ba za su ma san akwai shi ba. Idan ya fahimci wani abu a karkace, haka za su gaje shi su goma sha, babu mai cewa uffan, domin wanda zai gyara ɗin shi ma a wurinsa ya koya. Yaron da bai taɓa yin musu da kowa ba sai ɗan'uwansa, bai taɓa gaishe da baƙon da ba ya jin Hausa sosai ba, bai taɓa taya kaya a kasuwa an ƙi sallama masa ba, akwai wani ɓangare na hankalinsa da ba a taɓa motsawa ba.

Magabatan da muke kafa hujja da su a kan karatun gida ba su tsaya a gida ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, ya yi karatu a hannun 'yan'uwan iyayensa, sannan ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a gida ta yi karatu, amma da ta girma sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna kai ilimi ga matan ƙauyuka suna kuma kawo su gare ta. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddimarsa a kan yadda tafiya da haɗuwa da malamai daban-daban ke ƙarfafa ilimi, domin mai jin abu ɗaya daga bakuna da yawa shi ke iya raba ma'ana da lafazi. Imam Gazali kuma ya yi gargaɗi cewa yaron da aka hana wasa bayan karatu zuciyarsa dushewa take yi, har ya fara neman dabarar guje wa karatun. Ko hutun Alhamis da Juma'a na makarantar allo shaida ne cewa masu tsarin sun san allo kaɗai ba ya rainon mutum.

Yanzu dubi abin da ke kewaye da yaron da ke zaune a wannan yanki, musamman da damina, lokacin da dogon hutun 'yan boko ya zo kuma ƙasa ta yi kore shar. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwa. Masara da shinkafa sun rufe gonakin Tudun Wada da Doguwa. Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa a shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, yana nan a kan hanyar Jos, wajen kilomita 150 daga birni, cike da doka da maɗaci da kaɗanya da marke. Kogin Kano ya ratsa ta cikinsa ya zuba a madatsar ruwan Tiga da ke Bebeji, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina tsakanin 1971 da 1974, daga nan ruwan ya bi magudanai ya shayar da gonakin rani na Kadawa. Can kudu kuma ga duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Duk wannan yana kusa da yaron da watakila bai taɓa ganin ko ɗaya daga ciki ba, alhali ya haddace sunayen koguna da ba zai taɓa gani ba.

Ɗauki misalin maigidan da ya kwashi 'ya'yansa ranar wata Alhamis, aka cika a-kori-kura da su da tabarmi da kwanon ɗanwake, aka nufi bakin ruwan Tiga. Yaran za su ga ruwan da ba su iya hango ƙarshensa ba, su ga kwalekwale da koma da tarin karfasa. Can sai wani ƙarami ya ja rigar uban ya ce, "Baba, me ya sa kifin nan yake da gashin baki, wancan ba shi da shi?" Uban da ya san nahawu da fiƙihu bai san wannan ba. Sai ya matsa wurin wani dattijon masunci ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Yaron nan ne ya yi tambaya, ni kuwa ta fi ƙarfina." Dattijon ya aje komarsa ya yi musu bayanin tarwaɗa, yadda take lalube da gashin nan a cikin taɓo, da yadda take daɗewa da rai bayan an fito da ita daga ruwa.

Bayanin tarwaɗa ƙaramin abu ne a cikin abin da aka koya a wurin nan. Babban abin shi ne yara sun ga ubansu, wanda a zaure ba a taɓa jin ya ce bai sani ba, ya rusuna wa wani mutum mai jiƙaƙƙen wando yana neman sani. Sun gane cewa ilimi a rarrabe yake a hannun mutane, wani yana wurin malami, wani wurin masunci, wani wurin maƙeri, wani wurin Bafulatanar da ke kawo nono. Wannan darasi ba ya koyuwa a cikin gida, domin a cikin gida babu wanda ya fi uba. Kuma uban da ke gudun kada 'ya'yansa su ga iyakar saninsa, ya kamata ya tambayi kansa ko tarbiyyarsu yake karewa ko girman kansa.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya. Falgore ba wurin wasa ba ne. An yi shekaru dajin yana zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har ta kai sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. Mutanen yankin ba su manta lokacin da direba ke addu'a kafin ya shiga tsakiyar dajin ba. Ban da mutane, damina tana da nata haɗarin: rafin da aka tsallaka da safe yana iya cika ya kawo kafin la'asar, ciyawa tana ɓoye kububuwa, ruwan da ba ya gudu kuma yana sa wa yara tsargiya. Uwar da ta ce 'ya'yanta ba za su je ba, ƙauna ce ta sa ta faɗa.

Sai dai aikin tsoro shi ne ya gaya mana inda za mu je da lokacin da za mu dawo. Idan muka bar shi ya yanke mana cewa ba za a fita ba sam, mun ba shi aikin da ba nasa ba. Babu mai hankalin da zai kutsa cikin gandun daji da ƙananan yara ba tare da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun ba. Amma tsakanin zaure da tsakiyar daji akwai duniya guda. Akwai gonar gidan kanta, inda za a nuna wa yaro bambancin gamba da ƙyasuwa, da dalilin da ya sa ake barin ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar gona ba a sare su. Akwai kasuwar shinkafa ta Tudun Wada, inda zai ga yadda ake awo da yadda ake ciniki. Akwai maƙera, akwai injin casa, akwai rugar maƙwabta. Duk waɗannan ana zuwa a dawo kafin azahar. Sau da yawa idan an bincika, abin da ake kira tsoro gajiya ce: fita da yara goma aiki ne, sai an ƙirga su a tafiya a ƙirga su a dawowa, ga mai jin fitsari, ga wanda ya yar da takalmi.

Akwai kuma wata tambaya da ba a cika yi ba: idan an tashi fitar, su wa ake ɗauka? Yara maza ko ba a shirya musu ba suna fita, gona da kiwo da aike suna fitar da su. 'Yan mata ne ake bari, a ce su taya Inna aiki. Idan ma an tafi da su, babbar yaya tana goye da auta, hannunta riƙe da mai bi masa, idonta a kan sauran, har a dawo ba ta ɗaga kai ta kalli ruwan ba. Ita ce malamar da ba a biya a gidan, ita ce kuma ta fi kowa rashin ganin waje. Abin mamaki, wasu gidajen da ke cewa fita da 'ya mace haɗari ne, su ne ke ɗora mata farantin talla ta nufi tasha ita kaɗai. Yarinyar da aka amince ta je Kwanar Ɗangora da gyaɗa a ka, ai ta cancanci a kai ta bakin kogi tare da ubanta, hannunta ba komai. Adalci a nan mai sauƙi ne: ranar fita wani ya karɓi goyon.

Sauran duniya ma suna wannan muhawara. A Amurka karatun gida halal ne a dukan jihohi, iyaye kuma sukan haɗa kai su riƙa fita da yaransu tare don kada su tashi a ware. A Jamus doka ta wajabta zuwa makaranta, kuma babbar hujjarsu ita ce yaro yana da haƙƙin cuɗanya da waɗanda ba irinsa ba. A nan gida, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar 'ya'yansu sun yi firamare da ƙaramar sakandare, don haka mai karantarwa a zaure ya san akwai wani haƙƙin a kansa bayan na allo. Ɗan Fulanin da ke kiwo a gefen Falgore shi ne ɗaya fuskar lamarin: ya san kowace ciyawa da kowane sawu, amma takarda ta gagare shi, shi ya sa aka kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989. Shi an ba shi daji an hana shi allo, ɗan zaure an ba shi allo an hana shi daji. Kowannensu rabin gadonsa aka miƙa masa.

Muna cewa 'ya'ya amana ne, kuma amana abu ne da ake riƙewa don a mayar. Yaron nan da ke jingine da bangon zaure wata rana zai zauna da mutanen da ba ubansa ya zaɓa masa ba, ya yi ciniki da su, ya yi jayayya da su, watakila ya auri 'yarsu ko ya shugabance su. Wata rana kuma za a tambayi tsararsa ko a sare sauran itatuwan Falgore a yi gawayi ko a bar su, kuma wanda bai taɓa zama a inuwar maɗaci ba ba zai ji zafin faɗuwarsa ba. Fita da shi tun yana ƙarami, hannunsa cikin hannun babba, ita ce hanya mafi sauƙi ta fara mayar da amanar.

Damina ba ta daɗewa. Kafin a ankara masara ta bushe, rafuka sun ja baya, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Maigidan da ke da zaure cike da alluna ya zaɓi Alhamis guda kafin lokacin, ya tambayi mutanen gari hanyar da take lafiya, ya ƙirga 'ya'yansa maza da mata, a fita da wuri a dawo da wuri. Allah Ya raya mana su, Ya tsare su a gida da waje.