Shin Miƙa Mai Laifi Ga Alƙalin Wata Ƙasa Cin Amana Ne?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai hukunci da adalci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani dattijo ya kawo mini bayan sallar Isha'i, sai da ya jira masallaci ya watse. Ya ce ɗan ƙanwarsa ya sauka a gidansa daga kudu da waɗansu shanu, alamar da ke jikinsu kuwa ba ta danginsu ba ce, daga baya ya ji ana neman yaron a can hayin iyaka. Ya ce: "Malam, in na sanar da hukuma aka miƙa shi ga alƙalin wata ƙasa, ban ci amanar zumunci ba?" Na ga tambayar ta wuce gidansa, domin haka na kawo ta gaban jama'a.

Kowa ya san halin da kudancin jiharmu ta Maraɗi ya shiga. A shekarar 2019 dubun-dubatar mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, suka sauka a ƙasar Gidan Runji, har aka tsugunar da waɗansu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Satar shanu da garkuwa da mutane domin kuɗin fansa suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji. Mu a Dakoro muna nesa da bakin iyaka, amma ƙasar kiwo ce da kasuwannin dabbobi, saniyar da aka kora da dare kuwa kasuwa take nema.

Dabarar ɓarawo a nan ɗaya ce. Ya yi ɓarna a wannan gefe ya kwana a wancan. Iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka shata, wadda ta kai kimanin kilomita 1,500, ba ta tare babur ɗinsa, amma tana tare takardar alƙali. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba. Duk da haka alƙalin Maraɗi da Faransanci yake rubutu, a bisa al'ada takardarsa sai ta je Yamai, ta wuce Abuja, a juya ta zuwa Ingilishi, sa'an nan ta gangaro Katsina. Kafin nan an yanka saniyar, an jeme fatar.

Domin toshe wannan kafa ne ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a Dakar a 1992 kan yarjejeniyar taimakon juna a shari'o'in laifi, suka ƙara da ta miƙa masu laifi a Abuja a 1994. A shekarar 2000 aka sa hannu a birnin Palermo na ƙasar Italiya kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da ƙungiyoyin masu laifi da ke tsallaka iyakoki, Nijar da Nijeriya duka sun amince da ita. A 2013 aka kafa ƙawancen masu gabatar da ƙara na Afirka ta Yamma da ake kira WACAP, domin su san juna su riƙa magana kai tsaye. A watan Satumba na 2019 gwamnan Maraɗi da gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka haɗu a Maraɗi suka ƙulla alkawarin tsaron iyaka. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, wannan kuwa al'amari ne na shugabanni. Sai dai iyakar tana nan inda take, ɓarayin ma haka.

To, mene ne matsayin addini? Wani zai zaci wannan taimakon juna tsakanin alƙalai abu ne da Turawa suka zo da shi. Wanda ya yi zama gaban malamin fiƙihu ya san akwai mas'alar da ake kira kitabul ƙadi ilal ƙadi, wato wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. Idan haƙƙi ya tabbata a gaban alƙalin wani gari, wanda ake ƙara kuma yana wani gari, sai ya rubuta wa alƙalin can, adalai biyu su shaida cewa wasiƙarsa ce, shi kuwa ya zartar. Mazhabar Imamu Abu Hanifa ta ware haddi da ƙisasi daga wannan saboda tsoron shubuha, mazhabarmu ta Imamu Malik kuwa ta karɓe ta har a cikinsu. Hikimar a bayyane take: da tafiya tana kankare haƙƙi, da kowane azzalumi sai ya sayi raƙumi mai gudu ya huta.

Ku tuna kuma da Hilful Fudul. Wani baƙo mutumin Zubaid ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Waɗansu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi rantsuwa za su tsaya wa wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo, suka karɓo masa haƙƙinsa daga hannun ɗan garinsu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya halarci wannan alkawari yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan an aiko shi. Masu alkawarin ba musulmi ba ne a lokacin. Wannan ya amsa wa mai cewa kotunan yau ba da shari'ar Musulunci zalla suke hukunci ba: duk inda aka tashi mayar da haƙƙi ga mai shi, aikin alheri ne, aya ta 2 ta Suratul Ma'ida kuwa ta umurce mu da haɗa hannu a kan alheri, ta hana mu haɗa shi a kan zunubi.

Saura zumunci, wanda shi ne ya hana dattijon barci. Sada zumunci wajibi ne, girmama baƙo kuma alamar imani ce. Amma hadisi ingantacce ya zo da la'ana a kan mai ba wa maɓarnaci mafaka, wani kuma ya bayyana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a riƙe hannunsa ga barin zalunci. Mai shanun nan shi ma ɗan'uwa ne. Wataƙila da su yake noma, da nononsu yake ciyar da marayu. Zama a hayin iyaka bai rage darajar hawayensa ba, balle ma Katsinawan Maraɗi da na Katsina, da Gobirawan Tibiri da na Sabon Birni, tsatsonsu ɗaya.

Amma akwai gefe na biyu, ba kuwa zan ɓoye shi ba. Tsoron dattijon yana da tushe, domin mutumin da aka miƙa ga ƙasar da ba shi da kowa ya fi kowa rauni. Saboda haka nauyi mai girma yana kan alƙalai da masu gabatar da ƙara. Kada a miƙa mutum a kan jita-jita, aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta wajabta bincike kafin a ɗauki mataki. Kada a kama ƙane domin an rasa wa, ƙissar Annabi Yusuf ta nuna ba a riƙe wani a madadin wanda aka samu kaya a wurinsa. Kada a mayar da sunan ƙabila ya zama hujja. A yi masa shari'a da harshen da yake ji, a saurari bakinsa. Alƙalin da ya karɓi toshiyar baki ya saki ɗan fashi, da wanda ya miƙa talaka marar laifi domin a ce ya yi aiki, dukansu za su tsaya gaban Alƙalin alƙalai.

In hanyar shari'a ta toshe, mun san abin da ke biyo baya. A watan Oktoba na 1991, a Toda, nan cikin jiharmu, ramuwar gayya ta ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Fushin taron jama'a ba ya tambayar shaida. Shi ya sa alƙalin da ya amsa wasiƙar takwaransa da gaggawa yana tsare jinin da bai san masu shi ba.

Mu ma muna da namu rabo. Dillalin da ya ga saniya ba ta da asali ya yi shiru saboda la'ada, da mahaucin da ya saye ta rabin kuɗi yana sane, da mai kai wa ƴan bindiga man fetur da labari, duk sun sa hannu a cikin ɓarnar. Ɓarawo ba ya sata sai ya tabbata akwai mai saye.

Abin da na gaya wa dattijon shi ne: ya fara da nasiha a ɓoye, ya kira yaron ya tuba, ya mayar da shanun ta hannun hukuma. Aya ta 34 ta Suratul Ma'ida ta buɗe ƙofar tuba ga ɗan fashi kafin a kama shi, ko da yake malamanmu sun ce haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da wannan tuba. In ya ƙi, to ya sanar, sa'an nan ya tsaya masa a shari'a, ya nema masa lauya, ya kula da iyalinsa. Wannan shi ne zumuncin da zai amfane su duka biyu ranar da ba dinari ba dirhami, sai biya da ayyuka.

Allah Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsayar da gaskiya, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu lafiya, Ya shiryi waɗanda suka ɓata, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.