Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi

Magabatanmu da suka yi wannan karin magana ba baki suka yi wa matafiyi ba, domin kuwa su ne ke tura 'ya'yansu gabas neman Alƙur'ani, su ne kuma ke sallamar samari cin rani da zarar hatsi ya shiga rumbu; abin da suka haƙiƙance shi ne gida ba ya tsayawa jiran kowa, ta yadda mai dogon zango yakan komo ya tarar an raba gado, an aurar da ƙanne, dattijon da ya san kakansa kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Ko a cikin Sira akwai ishara ga haka. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya shiga Makka da nasara a shekara ta 8 bayan Hijira, amma ya iske Aƙilu ɗan Abu Ɗalib ya sayar da gidajensu, kuma Madina ya koma, can ya yi wafati. Haka jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903, suka bi ɗansa Mai Wurno har Sudan, zuriyarsu na can har yau.

Amma mu mutanen Dutse da idonmu muka ga tafsirin maganar. Ran 27 ga Agusta 1991, da gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa daga Kano ta mai da Dutse babban birni, sai aka umarci ma'aikata 'yan asalin wannan yanki, na Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da sauransu, waɗanda suka shekara da shekaru a Kano har suka yi gini suka hayayyafa, su tattara su dawo. Duwatsu da dabino da fadar Garu suna nan yadda aka bar su, sai dai masauki ya yi ƙaranci, har da yawansu suka bar iyali a Kano, su zo Litinin su juya Juma'a. Ni dai ban ga laifinsu ba, gama 'ya'yansu Kano suka sani, Dutse kuwa baƙunta ce gare su. Waɗanda ba su yanke zumunci ba, suna halartar suna da jana'iza, suna aiko da kuɗin noman gonar gado, su ne suka sami ɗakin sauka a gidan 'yan'uwa. Sauran kuwa sai da suka nemi haya da fuloti kamar kowane baƙo.