ƁARAWON GASHI DA MAI ƘIDAYAR GASHI

Karatu: Alƙalawa 16:4-31, Matta 10:26-31
Ayar haddacewa: Matta 10:30, 31
Abin nufi: Mu gane dalilan da ke sa mutum ya saci gashin ɗan'uwansa, mu kuma tabbata cewa wanda ya riƙe gashinmu bai riƙe ranmu ba.

GABATARWA

Ya ku 'yan'uwa, kowa a cikinmu ya san wannan al'ada. Kadan mai kitso ta gama aikinta, mace ba ta tashi sai ta tsince gashin da ya zube bisa tabarma, ta dunƙule shi, ta cusa a tsagar katanga ko kuwa ta binne. Namiji kuma, ko wurin wanzami a gindin itace ya ke aski, ko a shagon da ke bakin hanyar Abuja zuwa Akwanga, ya kan saci kallo ya ga inda aka share sumarsa. Yaran Keffi da na ƙauyukan kewaye sun tashi suna jin cewa idan tsuntsu ya yi sheƙa da gashinka, ciwon kai ba zai rabu da kai ba. Idan kuwa maƙiyi ne ya same shi, sai abin da Allah ya yi.

Wannan tsoro ya kan bi mutum har cikin majami'a. Akwai masu raira waƙa da ƙarfi ran Lahadi, amma da za su farka ran Litinin su ga an yanke wa ɗiyarsu kitso ɗaya, ba wurin Ubangiji za su fara zuwa ba. Domin wannan ya kamata mu kai maganar gaban Littafi Mai Tsarki.

I. GASHIN DA AKA SAYAR DA AZURFA

Samson keɓaɓɓe ne ga Allah tun daga cikin uwarsa. Bisa ga shari'ar keɓewa da ke cikin Lissafi sura 6, mai wannan wa'adi ba ya shan ruwan inabi, ba ya kusantar gawa, aska kuma ba ta taɓa kansa. Da Samson ya ƙaunaci Dalila, mace ta kwarin Sorek, sai sarakunan Filistiyawa suka je wurinta, kowane ɗayansu ya yi mata alkawarin azurfa 1,100. Sarakunan nan biyar ne (Alƙalawa 3:3), watau azurfa 5,500 ke nan. Domin mu san nauyin wannan kuɗi, mu duba sura ta gaba, inda wani Balawi ya yarda ya yi aikin shekara guda a kan azurfa 10 da tufafi da abinci (17:10).

Sau uku Samson ya ruɗe ta: da ɗanyun tsarkiyoyi bakwai, da sababbin igiyoyi, da saƙa tukkayensa cikin masaƙa. A na huɗu ya gaji da nacinta, ya buɗe mata cikinsa. Ta sa shi barci bisa cinyarta, ta kira mutum ya aske tukkayen nan bakwai. Filistiyawa suka ƙwaƙule idanunsa, suka kai shi Gaza, suka ɗaure shi da sarƙar tagulla, ya zama mai niƙa a kurkuku.

A nan fa sai mu lura ƙwarai. Aya ta 20 ta bayyana tushen faɗuwarsa: Ubangiji ne ya rabu da shi, shi kuwa bai sani ba. Ba a gaya mana cewa wanda ya kwashe tukkayen ya sami ƙarfin Samson ba, ko cewa Dalila ta mallake shi da su. Gashin shaida ce ta alkawari, kamar yadda rawani ya ke shaidar sarauta. Wanda ya saci rawanin sarki bai zama sarki ba. Samson ya daɗe yana wasa da keɓewarsa, tun ranar da ya ɗebi zuma daga gawar zaki. Har ma shari'a ta umarta cewa ranar da keɓaɓɓe ya cika wa'adinsa, ya aske sumar da kansa, ya zuba ta cikin wutar hadaya (Lissafi 6:18). Da a ce iko yana cikin gashin, da ba a ƙone shi ba. Sa'an da kuma sumar Samson ta sake tsirowa, bai dogara gare ta ba, sai da ya yi kuka ga Ubangiji kafin ginshiƙan gidan Dagon su rushe.

II. DALILI NA FARI: KUƊI

Abin da ya motsa Dalila yana nan yana motsa mutane. Gashin mutum haja ce a kasuwar duniya. A haikalin Tirumala na ƙasar Indiya masu ziyara suna aske kansu domin cika wa'adi, hukumar haikalin kuwa tana gwanjon gashin. A birnin Shucang na ƙasar Sin akwai masana'antu masu yawa da ke gyara gashi, su ɗinka hular gashi, su aika har kasuwannin Nijeriya. Inda abu ya yi tsada, ɓarawo ba ya nisa. A shekarar 2013, a birnin Marakaibo na ƙasar Benezuwela, 'yan fashi sun riƙa tare mata masu dogon gashi, su datse shi da almakashi, su sayar wa masu gyaran kai. A shekarar nan kuma aka ba da labarin irin wannan fashi a Johannasbag ta Afirka ta Kudu, inda aka riƙa yanke wa mutane tukkayen da suka yi shekaru suna reno.

Doka ta takwas ba ta ware ƙaramin abu ba. Wanda ya fizge hular gashi daga kan mace a tasha, da yarinyar da ta ɗauke ta ƙawarta a ɗakin kwana, duka ɓarayi ne. Manzo Bulus ya ba irinsu magani: su daina, su kama aikin hannu, har su sami abin ba mabukata (Afisawa 4:28). Amma akwai magana ga mai saye kuma, gama abokin ɓarawo ɓarawo ne. 'Yar'uwa, kadan an kawo miki kaya mai tsada a kan kuɗin banza, kin tambayi inda ya fito? Ba a hana mace gyara kanta ba. Abin da Bitrus ya koyar shi ne, kada darajarta ta rataya a kan kitso da zinariya, sai a kan halin zuciya (1 Bitrus 3:3, 4). Adon da ya jefa gida cikin bashi, ko ya jefa budurwa cikin sata, ya riga ya zama ubangida.

III. DALILI NA BIYU: WULAKANCI

Wani ba ya neman kuɗi, so ya ke ya ci mutunci. Cikin 2 Sama'ila 10 Dauda ya aiki bayinsa su yi wa Hanun sarkin Ammonawa ta'aziyyar ubansa. Fadawan Hanun suka zuga shi cewa 'yan leƙen asiri ne, sai ya aske rabin gemunsu, ya yanke rigunansu, ya kore su. Mutanen suka ji kunya ƙwarai. Ku dubi abin da Dauda ya fara yi: ya aika a tarye su, ya ce su zauna a Yariko har gemunsu ya tsiro. Ya rufa musu asiri kafin kome.

Har yanzu a kan yi wannan. Miji cikin fushi ya aske wa matarsa kai. Facala ta datse wa facalarta kitso. Taron mutane su aske wanda suka kama. Mai yin haka ya taɓa mutumin da aka halitta cikin surar Allah. Aikin ikilisiya shi ne aikin Dauda: ta tari wanda aka wulakanta, ta hana a mai da shi abin dariya, ta kuma tsawata wa mai laifin ko da shi dattijo ne. Idan abin ya kai ga duka ko rauni, a kai ga hukuma, gama ita ma Allah ya kafa ta domin hukunta mugunta (Romawa 13:4).

IV. DALILI NA UKU: SAMMU

Wannan shi ne wanda mutanenmu suka fi tsoro. Boka ya kan ce wa mai neman mallaka, ko farraƙu, ko kurciya, ya kawo gashi, ko farce, ko ƙasar sawu. Tunanin shi ne abin da ya fita daga jikin mutum yana nan haɗe da shi, duk abin da aka yi masa zai sami mai shi. Bokan kuwa ya san amfaninsa. Ya sa mai zuwa wurinsa ya aikata abin kunya a ɓoye, daga nan ya riƙe asirinsa. Idan aikin bai ci ba, sai ya ce gashin bai isa ba, a ƙaro kuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Littafi bai ce ikokin duhu ba su nan ba. Afisawa 6:12 ta ambace su a fili. Kubawar Shari'a 18:10-12 ta kira duba da sihiri abin ƙyama ga Ubangiji. Mai kai gashi wurin boka ya riga ya yi kisa a zuciyarsa, ko aikin ya ci ko bai ci ba. Amma Littafin bai taɓa koyar cewa silin gashi yana ba maƙiyi iko bisa ɗan Allah ba. Balak ya yi hayar Bal'amu ya la'anta Isra'ila, aka gina bagadai bakwai sau uku, albarka ce ta fito daga bakinsa (Lissafi 23 da 24). Mai bi wanda ya ɗaura laya domin kare kansa ya shiga kasuwar da ɓarawon ya shiga. Mutanen Afisa da suka tuba sun ƙone littattafan sihirinsu a gaban kowa, na azurfa 50,000 (Ayukan Manzanni 19:19).

V. TSORON YA FI SATAR ƁARNA

A shekarar 1768 jita-jita ta bazu a ƙasar Sin cewa matsafa suna datse wutsiyar kitson maza domin su saci kurwarsu. Jama'a suka far wa baƙi, da mabarata, da malaman addinin Buda masu yawo. Sarki Ciyanlung ya ba da umarni a yi farautarsu, aka azabtar da mutane har waɗansu suka mutu. Kafin shekara ta ƙare aka dakatar da binciken, ba a sami ƙungiyar matsafan ba. A shekarar 2017 irin wannan tsoro ya kama arewacin Indiya da Kashmir, mata da yawa suka ce an yanke musu kitso. Kusa da Agra aka kashe wata tsohuwa da sunan mayya, a Kashmir kuma aka kashe wani tsoho da aka zata mai yankan ne. Mu ma ba mu tsira ba. A shekarar 2023 jita-jitar satar al'aurar maza ta cika Abuja da kewayenta, aka yi wa mutane dukan kawo wuƙa a kan hanya, daga baya 'yan sanda suka kama waɗansu masu ihun domin ƙarya suka yi.

Ku lura da waɗanda su kan sha dukan: baƙo, da tsohuwa, da mabaraci, watau su ne waɗanda Allah ya ce a tsare musu hakki. Gashi ya kan tsiro, amma wanda taro ya kashe ba ya dawowa. Fitowa 23:1, 2 ta hana yaɗa labarin ƙarya da bin taro zuwa mugunta. Kubawar Shari'a 19:15 ta ce ba a kama mutum sai da shaidu biyu ko uku. Mafarki ba shaida ba ne, haka kuma "an nuna mini".

To, uwa, kadan kin ga gurbi a kan ɗanki, ki fara kai shi asibiti, gama makero da waɗansu cututtukan fata suna cinye gashi, yara kuma suna wasa da reza. Ki kira dattawan ikilisiya su yi addu'a tare da ke. Kada ki ambaci sunan kowa a kan zato.

VI. MAI ƘIDAYAR GASHI

Yesu ya faɗi maganar ayar haddacewa sa'an da ya ke aiken almajiransa cikin masu ƙinsu. Ya nuna musu gwarare, waɗanda a ke sayar da biyu a kan ɗan kuɗi kaɗan, ya ce ko ɗaya ba ya faɗuwa ba da sanin Uba ba. Su kuwa har gashin kansu Uban ya san adadinsa. Ba ya nufin wahala ba za ta zo ba. Cikin Luka 21:16-18 ya gaya musu za a kashe waɗansunsu, ya kuma tabbatar musu a wuri ɗaya cewa ko gashinsu ba zai hallaka ba. Ashe tsaron da ya ke magana a kai ya wuce kabari.

Masana sun ce kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, kowace rana kuwa 50 zuwa 100 suna zuba. Wa zai iya tsince su duka ya ɓoye? Wanda ya sa ransa cikin tsagar katanga ba zai yi barci ba. Amma Bulus ya ce ran mai bi a ɓoye ya ke tare da Kristi cikin Allah (Kolosiyawa 3:3). Ka share gashinka domin tsabta, ka zubar, ka kwanta. Abin da ya kamata ka tsare shi ne abin da Samson ya yar, watau alkawarinka da Ubangiji.

TAMBAYOYI

1. Mene ne ainihin abin da ya raba Samson da ƙarfinsa? Wace aya ta nuna haka?
2. Don me shari'a ta ce keɓaɓɓe ya ƙone sumarsa a ƙarshen wa'adi?
3. Yaya ikilisiyarmu za ta bi gurbin Dauda ga wanda aka ci wa mutunci?
4. Kadan wani ya zo ya ce maƙwabciya ta saci gashin ɗansa, me dattawa za su fara yi?
5. Akwai laya ko ƙulli a gidanka wanda ya kamata ya bi hanyar littattafan Afisa?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai da ka san adadin gashin kanmu, ka gafarta mana tsoron da muka ji na mutane fiye da kai. Ka tsare hannuwanmu daga sata, da bakinmu daga shaidar zur, da ƙafafunmu daga ƙofar boka. Ka juyo da masu neman cutar da mu zuwa tuba. Ka riƙe mu cikin alkawarinka har matuƙa, cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.