Ƙaramin Kwanon Inna Mai Awara

Ranar da aka sallamo Yaya daga asibiti, agogon hannunsa zamewa yake yi har kusa da gwiwar hannu. Tarin fuka ne ya kayar da shi, magidanci mai kilo 68 ya dawo 49. Likita ya ce maganin wata shida zai sha ba fashi, sannan ya ƙara da cewa a riƙa ba shi abinci mai gina jiki. Mu kuwa a tunaninmu mai gina jiki shi ne mai tsada. Muka cika ɗaki da lemon kwalba da biskit, 'yan dubiya ma kowa ya zo da ledar lemu da ayaba. Da rana matarsa ta tulo tuwo a babban kwano ta ajiye a gabansa. Sai ya kalla, ya kawar da kai. Mako uku sikeli bai motsa ba, gida ya cika da zullumi.

Wata la'asar Inna mai awara ta bayan gidanmu ta shigo dubiya. Tsohuwa ce da ta yi jinyar mijinta shekara da shekaru. Ta daɗe tana kallon kwanon tuwon kafin ta yi magana.

"Ke 'yar nan, ɗauke wannan. Mai lafiya ma ya ga tulin nan sai gabansa ya faɗi."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan kwano na silba, wanda bai fi tafin hannu ba, da awara guda uku masu ɗumi a ciki.

"Ɗan nan, ci ɗaya kawai."

"Inna, bakina ba ɗanɗano."

"Na sani. Ci ɗaya, sauran su jira ka."

Ya ci ɗaya. Can an jima ya miƙa hannu ya ɗauki ta biyu.

Daga ranar Inna ta karɓi ragamar jinya. Dokarta ita ce kaɗan-kaɗan, sau shida a wuni, kuma kowane loma ya zama da abin da zai riƙe jiki. Bayan asuba kunun gyada mai kauri da madara. Da hantsi dafaffen ƙwai. Da azahar alale da kifi a ciki, ko ƙosai biyu. Da la'asar kindirmo da 'yar fura, amma sai na nonon da aka tafasa kafin a kwantar. Da dare tuwo loma huɗu, miyar kuka kuwa an daka mata busasshen kifi har ya ɓace a ciki, don ranar da ba ya son tauna. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kuma yana gefe. Ta hana a ba shi ruwa kofi guda gab da cin abinci, ta ce cikin da ruwa ya cika ba ya karɓar baƙo. Ta kuma sa aka soya gero da waken suya da gyada, aka niƙa su tare, duk lokacin da ya ji ɗan marmari sai a dama masa.

Ni dai da farko raina bai kwanta ba. Awara ta 'yan makaranta ce za ta tayar da babban mutum? Sai da muka je karɓar magani na tambayi ma'aikaciyar jinya. Ta ce tsohuwar ta fi mu gaskiya. Ciwo mai tsanani tsoka yake cinyewa, sikari kuwa ba ya mayar da tsoka, sai furotin. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6 na furotin, busasshen waken suya fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa furotin ne, gyada kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ta gargaɗe mu da abu uku: mu tsince gyadar da ta yi funfuna domin tana cutar da hanta, kada abinci ya sa a yi wasa da magani, kuma mai ciwon ƙoda ba ya bin wannan tsari sai da izinin likitansa.

Ba kullum aka yi nasara ba. Akwai ranakun da ƙwai ma ya ƙi shiga, matarsa ta koma kicin tana share hawaye. Inna sai ta ce, "Bar shi, anjima ma rana ce." Ba ta taɓa yi masa faɗa ba, ba ta kuma taɓa fasa aiko da ɗan kwanon nan ba.

A wata na biyu sikeli ya nuna 52. Ranar da ya sha ƙwayar ƙarshe yana 61, agogo ya zauna daram a hannunsa, ya tafi da ƙafarsa ya gaishe da Inna, ya mayar mata da kwanonta.

Mai karatu, idan kana da majinyacin da za ka duba a makon nan, ajiye lemon kwalbar. Riƙa masa ƙwai shida da ƙullin ƙuli-ƙuli, kuma ka zauna kusa da shi har ya ci ko da loma ɗaya.